Koren Malam Haruna

Jiya ɗayanku ya buɗe kod ɗin shafin intanet na makarantar Malam Haruna, ya tarar da layi guda da na rubuta da hannu, lambar kala ce tsirara, da ɗan rubutu a gefenta cewa kada kowa ya taɓa. Ya juyo ya ce mini, "Masa Karimu, wannan ai datti ne, bari in share in sa na zamani." Na ce ya ɗauke hannunsa daga kai. Na ga kun kalli juna, kuna cewa a ranku tsoho ya fara rikicewa. To ku jawo kujeru. Wata huɗu ke nan da zuwanku shagon nan, kullum kuna gaya mini ɗauke shafi daga tsohon gini zuwa sabo aikin kwana biyu ne, a kwafa a manna. Ni ma na taɓa faɗin haka, kuma bakina ya fi naku kaifi a lokacin.

Ni ba a jami'a na koyi sana'ar nan ba. A wani kafe na intanet na koya, nan Ayigya Zango a Kumasi, bayan tashar trotro, motocin hayar nan, wurin maigidana Masa Kwabena, mutumin Asante ne amma Hausarsa ta fi ta wasunku. Kwamfuta shida ce a shagon, kuma duk ta kwastoma ce, 'yan jami'a masu zuwa duba wasiƙa. Mai koyo ba ya hawa kujera sai kujerar ta rasa mai ita. Don haka a littafin sukuu, na 'yan makarantar boko, na fara rubuta HTML, da biro, Masa ya karɓa ya duba. In ya ga na buɗe abu ban rufe ba, ba ya magana, murfin biro kawai zan ji a tsakar kaina. Shekara biyu na yi ina shara, ina ɗura wa firinta tawada, ina rubuta wa tsofaffi wasiƙa zuwa ga 'ya'yansu da ke Jamus da Italiya, kafin ya bar ni na taɓa aikin kwastoma.

Aikin farko da ya sakar mini na wani mai goro ne, yana son 'yan kasuwar Kano su riƙa ganin hajarsa. Ya ce sunansa ya riƙa ƙyaftawa, lambar wayarsa ta riƙa gudu daga dama zuwa hagu. Na yi masa, ya ji daɗi paa. Ba mu da waɗannan kayan naku. Farin fili ne kake rubutu a ciki, ba ya nuna maka kuskure, ba ya ƙarasa maka kalma. In kana son hoto ya zauna a gefe guda, rubutu a ɗaya gefen, sai ka yi tebur, ka sa wani tebur a cikinsa, ka ƙara sa wani a cikin wancan. In kana son kalma ta zama ja, sai ka je kanta ka rubuta lambar ja a jikinta ita kaɗai. Kalma ɗari, sau ɗari za ka rubuta. Haka muka san aikin, haka kuma na yi wa Malam Haruna nasa.

Wata Asabar da hantsi ya shigo, bayan na buɗe shagon kaina, da babban littafi naɗe da ƙyalle a hammatarsa. Ya fi shekara arba'in yana koyar da Alƙur'ani a Zango. Ni ma na zauna a gabansa, na kai izu ashirin na gudu, don haka da na gan shi a bakin ƙofa sai da na nemi hulata. Bai tayar da maganar ba. Ya buɗe littafin a kan teburina. Duk wanda ya yi sauka a hannunsa yana ciki: sunansa, sunan mahaifinsa, da shekarar. Ya ce ɗalibansa sun watsu, wasu Akra, wasu Tamale, wasu ƙasar Turawa, suna ta yi masa waya suna son ganin sunayensu, an ce ni ne na iya. Sati uku na yi ina bugawa. Tun a rana ta biyu na lura wasu sunayen an bi ta kansu da koren biro.

Da ya dawo na ce, "Malam, waɗannan na koren fa?"

Ya ce, "Sun riga mu."

"To in rubuta marigayi a gabansu?"

"A'a. Ni ban yaye marigayi ba. Sunan da na kira yaro da shi a gaban allo, shi za ka bari. Ka dai yi masa kore yadda na yi."

Na gwada masa kore huɗu a kan gilashi, duk ya ƙi. Wannan ya yi haske, wannan na fentin kanti ne. A na biyar ya gyaɗa kai, wani kore ne mai duhu irin na ganyen da ake naɗe goro. Daga ranar, in aka yi rashi cikin ɗalibansa, sai ya aiko ko ya zo da kansa, in buɗe shafin, in nemo sunan, in rubuta lambar koren a jikinsa. Aikin minti biyar. Sau ɗaya a shekara kuma, Asabar ɗin ƙarshe ta Sha'aban, ana tare titin gaban makarantar, a kafa kanofi, a jera kujerun roba, mata su ɗora shinkafa. Ni zan buga shafin da firinta mai kala in kai. Malam ya bi korayen sunayen ɗaya bayan ɗaya, kowane ya ce Allah ya jiƙansa, jama'a su ce amin. In an tashi sai ya ƙona takardar, saboda akwai Bismillah a samanta da sunaye irin su Abdullahi a ciki, ba ya son a wayi gari an naɗe ƙosai da ita.

Sau ɗaya ne ya zo da wani. Wata mata ce ya shigo da ita, Mma Adiza, mai koko da ƙosai a bakin titi a Sofoline. Ɗanta guda a duniya, Awudu, ya bi hanyar sahara zai ƙetara teku, labari ya yanke. Shekara shida tana jira. Sai wani abokin tafiyarsa ya dawo, ya dafa Alƙur'ani a gaban Malam ya ce da hannunsa ya tura masa rairayi. Babu gawa, babu kabarin da za ta je, babu takardar asibiti. Malam ya ce mata, "Zo ki gani da idonki, zuciyarki ta zauna wuri ɗaya." Ba ta iya karatun boko ba. Malam ya ɗora yatsa a kan gilashin ya ce wannan ne Awudu. Na rubuta lambar, na sabunta shafin, sunan ya koma kore. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yoo," ta gyara mayafinta ta fita. Tun daga nan kowace shekara tana rufe sana'arta ta zo ta zauna a layin farko na mata.

Littafin kansa bai daɗe ba bayan haka. Wata damina kwata ta cika ta shiga ɗakin Malam, aka ciro shi ya zama kunu. Da na je jaje ya ce, "Alhamdu lillahi, yana wurin Karimu." Shekara biyu bayan nan shi ma ya tafi, ɗansa Malam Bashiru ya gaji makarantar. Shi kuwa ya yi shekara goma sha biyu yana karatu a ƙasar Larabawa, rabin mutanen da ke jerin bai san fuskarsu ba. Abin da na miƙa masa, shi yake karantawa.

Sai shekarar da ba na son tunawa ta zo. Dumso, ɗauke wutar nan, ya yi tsanani, wuta ta zo awa uku ta tafi yini guda. Kwastomomina suka zame ɗaya-ɗaya. Kowa in na kira shi sai ya ce, "Masa, ɗana ya buɗe mini shafi kyauta a waya." Na koma gyaran firinta da ɗaukar hoton fasfo. Wata rana wutar ta dawo da ƙarfi ta ƙona faifan da nake ajiye kwafin duk ayyukana. Na ce zan sayi wani, ban saya ba. A cikin shekarar ne na je wani taron matasa masu sana'armu kusa da jami'a, in ga ko zan tsinci wani abu. Mai jawabi ya ce zai nuna mana tsofaffin shafukan Kumasi da suka ƙi mutuwa. Na uku da ya haska a bango nawa ne. Ɗakin ya kwashe da dariya. Ya buɗe kod ɗin yana gangarawa, lambobin kala suna wucewa bila adadin, ya ce da Turanci duk wanda ya rubuta wannan Allah ya yafe masa. Sunana yana can ƙasan shafin. Na kife katin da aka maƙala mini a ƙirji, ni ma na yi dariya don na kusa da ni kada ya gane. Ina da shekara hamsin da ɗaya, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na ɗauka ita ce mafi girma da zan ji.

Na dawo na duƙufa. Wata bakwai ina koyon firemwok ɗin da ake yayi a lokacin, wato sabon kayan gina shafi. Ba sai na faɗi sunansa ba, kafin ku gama koyo wani ya fito. Kuma gaskiya kayan suna da kyau, ba zan zage su ba. Ka gina kati ɗaya, ka ba shi jerin sunaye, ya haifar maka ɗari shida iri ɗaya. Kayan kwalliyar kuma, maimakon ka zauna kana rubuta dokokin CSS, gajerun kalmomi ne kake jerawa, kaloli duk an auna su an ba su lamba, shafi ya zauna daidai a waya ya zauna daidai a kwamfuta. Ranar da na fara ganin abin ya yi aiki sai da na tashi na zagaya teburi. Na tafi wurin Malam Bashiru na ce zan sabunta musu shafi. Ya ce, "Masa Karimu, shafin nan bai yi mana laifi ba." Na ce ɗalibai na waje suna kukan ba ya buɗuwa sosai a waya, kuma haka ne. Amma ba don su na je ba. Ya ce to.

Ga yadda na yi aikin, ku saurara da kyau. Sunaye ɗari shida da arba'in da uku suna cikin tsohon shafin, kowanne a dabaibaye da tebur da lambobin kala da girman harafi. Na rubuta ɗan sikirif da zai bi su ya tsamo abu uku: suna, sunan uba, shekara. Duk sauran na ce masa ya zubar. Akwai ja a kanun shafi, akwai rawaya a sanarwar Maulidi, akwai shuɗi, akwai kore, ban tsaya na rarrabe ba. A idona duk abin da aka yi wa dariya ne. Ni da na sa koren nan da yatsuna sau fiye da ɗari, bai faɗo mini a rai ba ko sau ɗaya, don ban taɓa rubuta shi a ko'ina a matsayin labari ba, a wurina kala ce. Na saki sikirif ɗin a kan ainihin fayil ɗin, ba a kan kwafi ba. Na ƙirga: ɗari shida da arba'in da uku sun shiga, ɗari shida da arba'in da uku sun fito. Na ce aiki ya yi.

Akwai ma'ajiyar nan da ke riƙe tarihin kod, wadda nake tilasta muku ku sa komai a ciki kafin ku taɓa ko waƙafi. Na san da ita a lokacin, na koya. Amma sai da na gama wanke kod ɗin tas sannan na sa shi a ciki, don kada wata rana wani matashi ya buɗe tarihin ya ga yadda Masa Karimu yake rubutu a da. Daga nan na hau saba, kwamfutar da shafin yake zaune a kanta, na goge tsohon shafin gaba ɗaya. Na tuna na fita na sayi wakye, shinkafa da waken nan, da ƙwai da kifi, na ci a bakin shago ina jin iska. Yabo ya yi ta zuwa daga Jamus da Amurka. Kowa ya rubuta sunansa a akwatin nema, katinsa ya fito, ya ji daɗi. Ba wanda ya gangara jerin duka, balle ya lura da abin da babu.

Sati bakwai bayan nan, ranar Laraba, Malam Bashiru ya bugo. "Masa Karimu, takardar Asabar fa." Na ce yanzun nan. Na buɗe shafin, na kai hannu zan buga, sai na tsaya. Sunaye ɗari shida da arba'in da uku, baƙaƙe, reras, masu rai da matattu duk kamarsu ɗaya. Na birkice kwamfutata, babu. Na ciro ƙonannen faifan na kai wa mai gyara a Kwadaso, ya jijjiga shi kusa da kunne ya miƙo mini. Takardun shekarun baya duk an ƙona. Akwai wani wuri a intanet da ke ajiye hoton tsofaffin shafuka, na je can, na samu kwafi ɗaya tak, na shekara ta biyu da buɗe shafin. Koraye hamsin da biyu ne a ciki, alhali na san sun ninka haka sun wuce.

Abin da ya kamata in yi a fili yake. In hau trotro in je in gaya wa Malam Bashiru. Kwana uku sun isa a yi sanarwa a masallatai, kowane gida ya kawo sunan mamacinsa. Ban je ba. Na kasa haɗa bakina in ce littafin da Malam Haruna ya ce yana wurin Karimu, Karimu ya zubar da rabinsa don kada yara su yi masa dariya. Sai na zauna Alhamis da Juma'a ina bin sunayen da ka. Wannan na je jana'izarsa. Wannan na tuna ranar da aka aiko. Na kafa wa kaina doka: duk wanda nake shakka, in bar shi baƙi. Na ga kiran mai rai cikin matattu shi ne abin tashin hankali, barin mutum a raye kuwa ba ya cutar da kowa. Da na zo kan Awudu, na tuna Mma Adiza sarai. Amma Awudu Seidu biyu ne a jerin, shekara uku tsakaninsu, na rasa wanne ne nata. Na bar su duka biyun baƙaƙe.

Ranar Asabar na miƙa takardar na koma can baya na zauna. Malam Bashiru ya karanta, ana ta amin. Ya gama tun mata ba su sauke shinkafa ba, abin da ba a taɓa yi ba. Aka fara 'yan ƙananan maganganu. Mutum biyar ko shida suka je wurinsa, wannan ya ce ba a kira babansu ba, wannan ya ce yayansa. Ya ba su haƙuri, ya ce wataƙila firinta ce, ya yi musu Fatiha a nan take. Su ransu ne kawai ya ɓaci, don sun san inda kabarin nasu yake. Ina ƙoƙarin zamewa ta bayan kanofi sai na ji an ce, "Masa." Mma Adiza ce. Ta tsufa, tana dafe da kujera.

"Ba a kira Awudu ba," in ji ta. "Na tambayi Malam, ya ce abin da ke cikin kwamfuta ya karanta, kai ne mai labari." Ta rage murya. "An ji wani abu ne?"

Ku san yadda tsofaffinmu suka ɗauki mai sana'ar nan. A wurinsu duk labarin ƙasar waje ta hannunmu yake biyowa. Na ga abin da ke idonta, na gane shi sarai. Kalma huɗu ta ishe ni: Mma, kuskurena ne kawai. Sai na ji bakina ya faɗi abin da muke gaya wa kowane kwastoma in ba mu da amsa.

"Mma, bari in bincika."

Ta kama hannuna da hannu biyu ta ce Allah ya yi mini albarka.

Azumi ya kama. Ina zuwa shago, ina komawa gida, ina gaya wa kaina gobe zan je. A kwana na biyar wani direban trotro ya zo hoton fasfo, yana gyara kwala ya ce, "Masa, ka ji Mma Adiza ta Sofoline tana rabon ƙosai sadaka? Wai an ga ɗanta a intanet." Na ɗauki hoton, ya fito a karkace, na sake. A kwana na takwas Malam Bashiru ya shigo da kansa, ya ajiye wani tsohon hoto a kan teburin nan da kuke jingine da shi. Saurayi ne da farar riga da rawani, riƙe da allo mai zayyana, ranar saukarsa. A bayan hoton an rubuta shekarar.

Ya ce, "Sau biyu tana zuwa. Ta ce a ba ka wannan ka sa a intanet, wai ko zai taimaka wa binciken. Masa Karimu, wane bincike kake yi?"

Na gaya masa komai, har da taron da dariyar. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya kalli hoton, sannan ya ce bayan Sallah ni da shi za mu bi gida-gida mu sake haɗa jerin. Mun kuwa yi, wata huɗu muna yawo, muka samo mutum ashirin da tara da na bari a raye. Har yau akwai uku da ba wanda ya san ko suna nan ko sun tafi. Tun daga nan rasuwa tana da gurbinta a rubuce da kalmomi, kwafi yana wuri uku, kuma ba na ɗauke shafin kowa sai na zauna da mai shi na bi kowace kala, kowane layi da aka ja a ƙarƙashin kalma, na tambaye shi wannan me yake nufi. Abin da kuke kira ɓata lokaci ke nan. Amma duk wannan daga baya ne. A ranar, da ya miƙe zai fita, cewa ya yi, "Na ji naka. Sai dai ba ni ne zan gaya mata ba."

Washegari bayan la'asar na sa kwamfuta a jaka na hau trotro zuwa Sofoline. Ta kafa kaskonta a bakin titi, masu azumi sun fara layin ƙosai da kokon buɗa-baki. Tana hango ni ta ajiye matsami, ta goge hannu, ta jawo mini benci. Ta fara naɗe mini ƙosai tun ban zauna ba. Na ce ta bari tukuna. Na ce, "Mma, babu wani labari. Ba a ga Awudu ba, ba a ji komai ba. Ni ne na gyara shafin na goge alamar da Malam ya sa, na ji kunyar faɗa. Ranar Asabar ma na sani."

Ta juya ta koma kan sana'arta. Wata mata ta miƙo kwano, ta zuba mata koko, ta sa sukari, ta miƙa. Ta juya ƙosan da ke cikin mai. Motoci suna ta wucewa. Sai da layin ya ragu ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ba ta kalle ni ba.

Ta ce, "Na share ɗakinsa. Na sa an ɗinka labule." Ta goge hannunta a zane. "Da ka gaya mini ranar Asabar, da kuka ɗaya zan yi in tashi. Kwana tara ina da ɗa, Masa. Yanzu sai in sake binne shi, kuma wannan karon babu Malam."

Na ce ta yafe mini. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta nuna jakata da haɓa ta ce, "Abin yana ciki? Buɗe. Mayar da shi in gani."

Na ɗora kwamfutar a gwiwa, na haɗa da wayata. Na duba shekarar da ke bayan hoton, na gane wane Awudu ne. Na nuna mata da yatsa. Na zaɓi kore daga cikin kalolin sabon kayan, na sabunta, sunan ya sauya. Ta matso da fuskarta kusa da gilashin.

"Ba shi ba ne. Na Malam ya fi duhu."

Kore goma ne a cikin kayan, kowanne da lambarsa, masana ne suka auna su. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, tana girgiza kai. Da suka ƙare na ajiye su gefe, na buɗe kod ɗin, na rubuta tsohuwar lambar da hannu, tsirara, yadda Masa Kwabena ya koya mini, irin wadda aka haska a bango aka yi wa dariya. Yatsuna ba su manta ta ba. Na sabunta.

Ta daɗe tana kallo kamar wancan karon. Ƙosai yana ƙonewa a kasko, wata kwastoma ta yi magana, ba ta juya ba. Ta sa bakin mayafinta ta goge gilashin daidai kan sunan, inda yatsana ya bar maiƙo.

"Shi ne," in ji ta. "Kada ka ƙara taɓa shi."

Layin da kake son sharewa ke nan.